Wuƙar jeji a kizin ɗin Mama

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina lise, wato sakandare, ban ma san wahalar jarrabawar bak ba, wani abu ya same ni a kizin, wato ɗakin girkin gidanmu na Arlit, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kun saba ganina da dariya da bidiyon girki, to yau ku gyara zama. Da zan ce mai tsoro ya bari sai da rana ya karanta, amma ni ma da rana tsaka abin ya same ni, don haka ban san shawarar da zan ba ku ba.

A lokacin a Damagaram nake karatu wajen gwaggona, sai bakansi, wato babban hutun makaranta, nake zuwa gida. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, bayan ya yi shekaru yana aiki a ramin haƙar yuraniyom na Akokan. Mu uku muka rage: mahaifiyata, yayana, sai ni auta sarkin surutu. Mama tana sayar da atamfa a kasuwa, da safe take fita sai wajen azahar. Yayana direba ne, mota ƙirar hilis yake ja zuwa wuraren haƙar zinariya can arewa, inda in mutum ya shiga babu rezon waya babu labari sai ranar da ya fito.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa 'yar Adar. Kizin ɗinmu a jikin katangar yake, rumfar da take wuni kuma tana ta ɗaya gefen. Akwai ma wata 'yar kafa a katangar da muke miƙa mata kwanon abinci. Kaka nake ce mata. Idanunta sun tafi, haske da inuwa kawai take rarrabewa, ko ƙofar gida ba ta zuwa sai an riƙe mata hannu. Ɗanta ɗaya ne, direba shi ma, abokin yayana tun suna aparanti, wato yaran mota. A bakansin nan ba ya gari, an ce yana hanya. Matarsa kuma ta tafi gidansu a garin Tawa wankan jego. Wata mai haya a gidan ce ke taimaka wa tsohuwar.

Na zo bakansin da sabuwar waya da sabon buri: ni dai sai na zama shef. Komai na dafa sai na ɗora a sitatu, abokan waya su gani. Ko ruwan shayi na ɗora sai na ɗauke shi ta sama, ta gefe, ta ƙasa. Matsalata ɗaya ce, wuƙaƙen Mama. Jama'a, wuƙar Mama in kin ɗora ta kan tumatir sai kin roƙe shi ya yi haƙuri ya rabu. Albasa kuwa murje ta take yi. Na wasa su a siminti, na wasa su a gindin kwano, a banza.

Yayana na same shi wani iri. Ya rame, ba ya hira, abinci sai ya tsakura ya ture. In zai fita ba ya bi ta ƙofar su Kaka, sai ya zagaya ta bayan layi, alhali hanyar ta fi nisa. Na ce masa, "Yaya, wace ce ta yi maka wannan aiki? Faɗa mini sunanta in je in yi mata magana mace da mace." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ke dai Allah ya shirye ki." Bayan 'yan kwanaki ya tafi Agadas neman piyes, wato kayan gyaran mota.

Ranar da ya tafi na shiga ɗakinsa neman sharjer ɗin waya. Ban samu sharjer ba, amma na jawo jakar hanyarsa daga ƙarƙashin gado, kun san halina. Can ƙasan jakar na ji wani abu mai nauyi naɗe cikin guntun rawani. Na warware. Wuƙa ce irin ta mutanen jeji, baƙa, mai kauri, bayanta da haƙora kamar zarto, kubenta na fata ya sha rana har ya fashe. A ƙarshen ƙotar an zura wasu 'yan zobba biyu na ƙarfe, irin waɗanda ake sa wa kusar mota, suna reto. Da na zaro ta, rairayi ya zubo daga kuben, fari sol mai laushi, ba irin na garinmu ba.

Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Ni abin da na ce shi ne, "Yawwa, yau sitatu zai kama wuta."

Kuma wallahi wuƙar ta yi. Na wanke ta, na kafa waya a kan gwangwanin madara, na toshe kunne da ekuter, na saki kiɗa. Albasa ta riƙa zubewa kamar takarda. Nama kuwa kamar ina yanka sabulu. Duk sara ɗaya sai zobban nan su kaɗa, ina jin motsinsu a tafin hannuna. Na gama, na ɗora bidiyon ba tare da na saurara ba, na rubuta "Shef ta sauka a Arlit, a ba da hanya."

Ba a jima ba ƙawata ta Damagaram ta turo mini murya. Na ɗauka yabo ne. Sai na ji ta ce, "Ke, wa ke magana a bayanki?"

Na ce babu kowa, ni kaɗai ce a gidan.

Ta ce, "To ƙara murya ki saurara."

Na ƙara. Da farko ƙarar wuƙar ce kawai a kan katako, da zobban: cas, cas, cas. Sai can ƙasa-ƙasa wata murya ta shigo, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Sannu da hanya. Ka iso?"

Cas, cas.

"Ga ruwa nan cikin tulu. Ka sha tukuna."

Sai shiru, irin shirun wanda ke sauraron amsa. Sannan muryar ta ce, "To. To, madalla."

Na gane muryar Kaka ce, na yi dariya, na rubuta wa ƙawata cewa maƙwabciyarmu ce, tsufa ya fara yi mata hira. Amma na sake kunna bidiyon, kuma na lura da abin da ban faɗa wa ƙawata ba. Duk inda na tsaya da yanka don in kwashe albasa, muryar tana tsayawa. Ina ci gaba, tana ci gaba.

Da yamma na ba Mama labari. Tana ninke atamfofi, ko ɗagowa ba ta yi sosai ba. Ta ce, "Kewar ɗanta ce, baiwar Allah. Ke kuma wa ya aike ki jakar yayanki? Ki mayar masa da kayansa tun bai dawo ya same ki ba." Na ce to. To ɗin baki. Bidiyon nan ya samu masu kallo fiye da duk wanda na taɓa ɗorawa, kuna ganin zan mayar?

Washegari na ce bari in yi ba ekuter, in ji da kunnena.

Wanda bai taɓa zama a Arlit da rana tsaka ba ba zai gane irin shirun ba. Yara sun shige ɗaka, awaki sun lafe a gindin katanga, ko babur ɗaya ba ya wucewa. Kwanon rufi kawai kike ji yana ɗan ƙas-ƙas saboda zafi. Daga gefen Kaka ina jiyo rediyonta ƙasa-ƙasa. Na ɗora albasa a katako, na sara.

Cas.

Aka kashe rediyon.

Na sake sarawa. Cas, cas, cas.

"Ka dawo?"

Yanzu ba ta cikin waya ba ce. Muryar tana nan daf da katangar, kamar ta jingina bakinta da ita. Na tsaya. Shiru. Na ƙirga numfashina, na ce kai, bari in gwada. Na sara sau ɗaya tak.

"Na ji ka. Yanka mani ƙanana, ka san haƙoran."

Na buɗe baki da muryar wasa, irin wadda nake gaishe ta da ita kullum, na ce, "Kaka, ni ce fa, jikarki shef. Miya nake haɗawa."

Sai na ji jan ƙafa, na ji ƙarar murfin tulu. Can sai ga hannunta ya ɓullo ta kafar nan ta katanga, siriri, duk jijiya, riƙe da kofin silba cike da ruwa. Hannun ko rawa ba ya yi.

Ta ce, "Ba shi."

Na ce, "Kaka, ni kaɗai ce a nan."

Ta ce, "Na san ke ce, ɗiyata. Shi nike nuhi. Ba shi, ya sha."

Jama'a, na karɓi kofin nan. Ban san me ya sa ba. Na tsaya riƙe da shi, wuƙa a ɗaya hannun, kuma duk duniya babu abin da zai sa in waiwaya bayana a lokacin. Ƙofar kizin tana bayana, ina jin zafin rana a wuyana, ina kuma jin kamar in na juya zan ga an tare hasken. Na ajiye kofin a ƙasa a hankali, na fita da gefe-gefe kamar ƙaguwa, na je ƙofar gida na zauna a rana. Ni da nake shafa kirim kala-kala don kar in yi baƙi. A nan Mama ta same ni, mai ya ƙone a tukunya, shef tana zaune a waje ba takalmi.

Ranar ba sai an sake ce mini ba. Na wanke wuƙar, na mayar da ita kube, na naɗe ta a rawanin yadda na same ta, na tura jakar can ƙarshen gado. Na ce shi ke nan, an rabu lafiya.

Ashe ban gane ba. Ƙarar ba ita ce matsalar ba.

Kashegari na koma wa wuƙar Mama, ina ta murje tumatir ina tsaki. Rana ta take, gari ya yi shirun nan nasa. Rediyon Kaka ban ji shi ba tun safe. Ina cikin aiki sai na ga hasken da ke kan katakona ya ragu, kamar girgije ya gifta. A Arlit, a watan nan, wane girgije?

Wannan karon na juya.

Kaka ce tsaye a ƙofar kizin. Ita kaɗai. Matar da ko bayan gida sai an raka ta, ta fito daga gidanta, ta bi katanga da hannu, ta shigo zaurenmu, ta ratsa tsakar gida, ban ji ko motsinta ba. Tafin hannunta duk jar ƙasar katanga. Idanunta farare suna kallon saman kaina kaɗan, ba fuskata ba.

Ta ce, "Ina kuka kai shi?"

Na ce, "Wa, Kaka? Sannu, zo ki zauna, rana..."

"Jiya shina nan. Shekaranjiya shina nan. Yau ban ji shi ba. Bai tahiya bai yi mani sallama ba. Tun da na haihe shi bai taɓa ba."

Na ce mata wuƙa ce kawai nake yanka da ita, ta yayana ce, na mayar.

Ta ce, "Ɗauko."

Babu faɗa a muryarta. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na je na ɗauko, na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zauna, na ɗora mata a cinya. Ba ta fara da wuƙar ba. Rawanin ta fara ɗauka, ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta bi kuben da yatsa, ta sauka kan ƙotar, har ta kai ga zobban. Ta kaɗa su sau ɗaya.

Ta ce, "Ni na ce ya sa su. Da idona ya tahi na ce mai, kai ba ka da magana, in ka shigo ban sanin ka shigo. Sai ya ɗauko waɗanga wurin mota ya ɗaura. Duk ranar da ya dawo daga hanya sai ya sawo nama, ya zauna nan bayan katanga ya yanka mani ƙanana." Ta juyo da fuskarta wajena. "Ɗiyata, wagga wuƙa ba ta kwana inda bai kwana ba. Mi ya kai ta ɗakin yayanki?"

Na ce wataƙila aro ya ba shi. Ni kaina da na faɗa na ji banzar maganar.

A haka Mama ta shigo da ƙunshin atamfa a ka. Ta ga Kaka, ta ga wuƙar, ta ga guntun rawanin. Ta ce, "Inna, lafiya? Wa ya kawo ki cikin ranar nan?"

Kaka ta ce, "Ɗanki da ya dawo na tambaye shi ko ya ga nawa a hanya. Ya ce mani ya gane shi. Ya ce shina gaishe ni."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ta yi haka ba. Ta sauke ƙunshin a ƙasa, a cikin ƙasa fa, atamfofin da ko taɓawa ba ta bari mu yi da hannu mai maiƙo. Ta ja ni gefe ta ce, "A naɗe kika same ta? Cikin wannan rawanin?" Na ce e. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," can ƙasan maƙoshi don kar tsohuwar ta ji.

Ni ban san komai ba sai a lokacin, a tsaye a bakin randa, Mama ta faɗa mini cikin raɗa. Direbobin hanyar nan suna da abin da suka saba. In mutum ya rasu a jeji ba a iya kawo gawarsa, nisa da zafi ba za su bari ba. A nan ake binne shi. Wanda ya binne shi kuma sai ya ɗauko abu ɗaya nasa da kowa ya san shi da shi, ya naɗe, ya kawo wa iyalinsa hannu da hannu. In an ga direba ya yi sallama da abu naɗe a hannu, kafin ya buɗe baki an gane. Wato abin da na kwana biyu ina yanka albasa da shi, ina ɗorawa a sitatu da kiɗa, saƙon mutuwa ne da ba a isar ba.

Mama ta kira yayana. Ina tsaye kusa, ina jin iskar mota ta cikin wayar, yana hanyar dawowa. Ta ce masa, "Inna tana gidanmu. Kayan da ka ajiye suna hannunta." Ya ce, "Ga ni nan, Mama."

Wunin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Kaka ta ƙi shiga ɗaki, ta ƙi abinci. Ta yi azahar a kan tabarmar, ta yi la'asar, wuƙar tana gefenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye mu komai ba. Mama ta zauna kusa da ita tana jan carbi. Ni kuwa ina raɓe a bakin kizin, wayata tana ta ƙara, mutane suna ta turo "shef ina bidiyon yau?" Na kife ta a cikin kwandon albasa.

Rana ta yi sanyi sannan muka ji tsayuwar mota. Yayana ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya cire takalmi tun daga zaure. Ya zo ya durƙusa a gaban tsohuwar, gwiwa biyu, ƙaton mutum kamar shi.

Ya ce, "Inna."

Ta ce, "Ka ce shina gaishe ni."

Ya ce, "Na faɗa, Inna. Ba gaskiya ba ne."

"To hwaɗa mani gaskiyar."

Ya faɗa, kansa a ƙasa. A hanyarsa ta dawowa iska ta rufe sawun da suka saba bi, ya ɗan kauce, sai ya hango mota tsaye inda bai kamata a ga mota ba. Motar ɗan Kaka ce, ta lalace ne. An buɗe gabanta, an baza kayan gyara a kan bargo. Fasinjojin da alama sun bi wata motar ko sun taka da ƙafa, Allah kaɗai ya sani. Shi kuwa direban bai bar motarsa ba. A inuwarta ya same shi, a kwance, bidon ɗinsa, jarkokin ruwa, duk babu komai. Yayana ya ce da alama abokin nasa ya kwana biyu da cikawa kafin su iso. Ya sanar da jami'ai a shingen farko da ya tarar, suka ce tunda ya san iyalin ya kai musu labari.

Ya ce, "Na shigo da niyyar in faɗa miki ranar da na iso. Na zo har rumfarki, abin yana cikin rigata. Kafin in zauna kika ce, ɗana ka ga ɗan'uwanka? Kina dariya. An ce mini kwanan nan kika tashi daga ciwo. Sai na ji bakina ya ce yana gaishe ki. Daga nan kullum in na ce gobe, sai goben ta fi jiya nauyi."

Mama ta ce, "Matarsa fa? Tana can da jariri ba ta san takaba ta hau kanta ba. Ko addu'a ba a yi masa ba. Wannan ne tausayin?"

Kaka ta ɗaga hannu, Mama ta yi shiru.

Ta ce, "An yi mai wanka?"

"Ruwanmu ba zai kai mu gari ba in mun taɓa, Inna. Taimama muka yi masa."

"An sallace shi?"

"Ni na ja sallar. Da aparantina da fasinjojina, duka suka tsaya."

"Huska tai?"

"Tana gabas. Na duba da kyau. Mun jera duwatsu, na san wurin, ko yau aka ce in koma zan kai."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai duba kaya ta ga sun cika. Sannan ta ce, "Kawo hannunka." Ya miƙa ɗaya. Ta ce, "Duka biyu." Ta kama su, ta juya su, ta shafa tafin, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Waɗanga suka taɓa shi ƙarshe." Sai ta kifa fuskarta a cikin tafin hannun yayana, ta zauna a haka. A nan ne yayana ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ita kuwa kafaɗunta kawai ke motsi.

Kafin magariba Mama ta aika aka faɗa wa liman da dattawan layi, aka buga waya Tawa. Layinmu ya cika. Direbobi suka riƙa zuwa daga tasha, suna ajiye motoci har bakin titi, kowa ya shigo sai ya fara zama kusa da yayana kafin ya je wajen tsohuwar. Babu wanda ya yi masa faɗa a gabanmu. Wani dattijo cikinsu dai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kaya ne mai nauyi, yaro. Shi ya sa ba a kwana da shi."

Ranar sadaka aka yanka akuya. Mata sun cika tsakar gidan Kaka, kowa da wuƙarta, ni ina can gefe ina wanke shinkafa, ina ɓoye fuska don gani nake kowa ya san ni ce mai bidiyo. Sai na ji ta ce, "Ina ɗiyar nan tawa?" Aka tura ni gabanta. Ta zaro wuƙar daga ƙarƙashin filonta ta miƙo mini ta ƙota.

Na ce, "Kaka, don Allah ki yafe mini, ban iya ba."

Ta ce, "Kin iya mana, na ji ki. Zauna nan kusa da ni. Ke za ki yanka."

Na zauna. Na yanka naman nan tun daga farko har ƙarshe, ƙanana-ƙanana. Matan da ke hira duk suka yi shiru, babu abin da ake ji sai zobban. Ta rufe ido, ta jingina da katanga. Ba ta yi masa magana ba ko sau ɗaya. Da na gama ta karɓa, ta goge da bakin zanenta, ta ce a ajiye wa jaririn har ya girma.

Ba ta ƙara wata biyu a Arlit ba, dangi suka zo suka tafi da ita Tawa wajen surukarta da jikanta. Yayana ne ya kai su tasha, ni na riƙe mata hannu har cikin mota.

Mutane in na ba su labarin nan sai su tambaye ni, to da wa take magana a bayan katangar? Wa ya amsa mata har ta ce madalla? Ban sani ba, kuma na daina neman sani. Tsohuwa ce da kunnenta ya zama idonta, ta ji ƙarar da ta sani, zuciyarta ta ƙarasa sauran. Haka nake faɗa wa kaina, kuma yawancin ranaku ina yarda.

Abin da ya fi zauna mini shi ne na yayana. Mutumin kirki ne, wallahi, ya haƙa kabari da hannunsa a cikin ranar da ke narka roba, bai ji tsoro ba. Amma 'yan taku daga ƙofarmu zuwa tata sun gagare shi. Yana ganin yana kare ta ne. Daga baya ya gaya mini cewa a tasha, da ya sunkuya yana neman gafararta, ta ce ta yafe tun ranar. Abu ɗaya kawai ta ƙara, kuma shi ne ya ce har gobe yana hana shi sakewa.

Ta ce masa, "Ba ƙaryar ta dame ni ba, ɗana. Amma da ka hwaɗa mani da wuri. Kullum sai na sa a rage mai tuwo."